Tsakanin Biyar da Shida

Sau uku ke nan Dogo yana gwada haɗi na sittin da uku, kuma sau uku layin da ke fuskar kwamfutarsa yana ƙin tashi. Auta na tsaye a bayansa, hannunta cikin aljihun farar rigar aiki, tana murza murfin biro har ya tsage.

"Sake dubawa," ta ce.

"Me zan sake dubawa, Dakta? Ga shi nan a gabanki. Makarɓin kai ko gezau bai yi ba sai da na ɗura masa ninki ɗari. Na zuciya kuwa, dubi yadda ya zabura. Wannan in aka ba mutum, ai sai dai mu shirya zuwa gaisuwa."

Ba ta yi dariya ba. Ta je bakin taga, ta dawo, ta sake komawa.

Shekara huɗu ke nan suna neman maganin ciwon kai a ɗakin gwajin nan, irin ciwon da ke kama ɓari guda ya kwantar da mutum kwana biyu. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira serotonin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi, kuma yana da wuraren sauka fiye da goma, waɗanda su a ɗakin suke kira makarɓai. Akwai na jijiyoyin kai, in magani ya taɓa shi ciwon ya lafa. Akwai na zuciya, in aka yawaita taɓa shi sai ya yi ɓarna. Makarɓan sun yi kama da juna ƙwarai, shi ya sa maganin da aka aika wa ɗaya yakan leƙa ɗayan. Auta ce mai ƙira. Takan ɗauki siffar serotonin ɗin, zobba biyu manne da juna da 'yar jela, kowace kusurwa da lambarta, ta cire wani abu a nan, ta liƙa wani a can, sannan ta miƙa wa Dogo farar hoda a 'yar kwalba. Shi kuma ya zuba wa ƙwayoyin halittar da yake kiwo a farantai, masu ɗauke da makarɓan, ya ga wanda zai amsa.

Sittin da biyu sun wuce ba labari. Na sittin da uku, wanda ta ƙera wata huɗu da suka gabata, shi ne ya shige makarɓin kai kamar don shi aka yi shi, ya bar na zuciya ko kallo bai ishe shi ba. Ranar har Farfesa, shugaban ɗakin, wanda ba a cika ganin haƙorinsa ba, ya aika aka sayo wa kowa lemo. Sai dai hodar farko 'yar kaɗan ce, ta ƙare a gwaje-gwaje. Auta ta ƙera ta biyu mai yawa, don a fara gwaji a kan ɓeraye. Ita ce wannan da ta ƙi.

Da hantsi Farfesa ya kira su ofishinsa. A bango ga katon zanen sittin da uku, da jan da'ira a kusurwa ta biyar, inda Auta ta liƙa sabon reshe. Saura kwana goma sha biyu ya tashi zuwa babban taro, inda zai nuna zanen nan a gaban masana.

"Abu ɗaya ba ya zama biyu," in ji shi, yana buga gindin biro a tebur. "Ke, kin tabbatar da ƙirar?"

"Na tabbatar, ranka ya daɗe. Na farko da na biyu nauyinsu ɗaya."

Ya juya ga Dogo. "To saura kai. Ko dai yanzu kake kuskure, ko a da ka yi. Ko kuma..." Ya bar maganar a rataye.

Dogo ya gyara tsayuwa. Mutum ne mai raha, amma yau fuskarsa ta ɗaure tamau. "Ƙarasa mana, ranka ya daɗe. Ko kuma me?"

"Ko kuma sakamakon farko ya yi kyau fiye da kima. Kawo min littattafanka duka. Daga yau kada ka sake taɓa sittin da uku, zan nemi wani ya gwada."

Shekara tara Dogo ya yi a ɗakin. Ya fita, ya dawo da littattafai bakwai a rungume, ya jera su a gefen tebur ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja ƙofa a hankali. Da ya buga ta da ƙarfi da Auta ta fi samun sauƙi.

Ta kasa zama ranar. Ta buɗe kwamfuta ta rufe. Ta wanke kwalaben da an riga an wanke. Ta hau bene ta sauko ba tare da ta san abin da ya kai ta ba. Ƙarfe huɗu na yi ta ɗauki jakarta ta nufi gidan yayarta.

Ta tarar da labule a sauke, fanka a kashe, keken ɗinki lulluɓe da zane. Yaya na kwance a ƙasa da jiƙaƙƙen tawul a goshi, ga roba a gefenta saboda amai. Tela ce, kuma duk ranar da ciwon ya zo, ko ƙarar almakashi ba ta iya ji.

"Rufe ƙofar nan, hasken na sukar idona," ta ce da ƙyar. "Auta ce? Tun daga takunki na gane. Ke ba kya tafiya, sai dai ki yi tsere."

"Sannu, Yaya. Tun yaushe?"

"Tun jiya. Ga ɗinkin mutane can jibge." Ta ɗan ɗaga tawul ɗin. "Ina maganin naki? Kin ce kun samo wanda ba ruwansa da zuciya."

Likita ya hana Yaya magungunan da ke kasuwa saboda zuciyarta, sai dai ta sha na rage zafi ta jira ciwon ya gaji ya tafi. Auta ta zauna a gefenta, ta karɓi tawul ɗin ta sake jiƙa shi.

"Da saura, Yaya. Ya ɗan ba mu matsala."

"Ku dai kullum da saura. Ni kam na ga wannan bai kai na ranar nan ba, da na yanke jiki na faɗi a banɗaki. Kin tuna? Kika zo a guje da farar rigarki, har da safar hannu ɗaya ba ki cire ba. Maƙwabta suka ɗauka likita muka kira."

Auta ta tuna. Wayarta ce ta yi ta ruri a aljihu tana tsaka da awo, kira biyar a jere, ta ɗauka da kafaɗa tana jin kukan 'yar Yaya, ta zuba abin da za ta zuba cikin sauri, ta kunna injin motsawa, ta fice. Tana matse tawul ɗin sai ta tsaya cak. Ranar ce ta ɗora sittin da uku na farko.

"Ruwan na zuba a kunnena," in ji Yaya.

Washegari ta riga mai shara isa. Ta buɗe kabad ɗin sinadarai. Kwalbar da take fara aiki da ita tana nan a mazauninta, ruwan kasa, da dogon suna da lamba biyar a gabansa. A gefenta kuma, kafaɗa da kafaɗa, ga wata irinta sak: girma ɗaya, launi ɗaya, suna ɗaya, sai dai lambar gabanta shida ce. An saye ta tun shekara biyu don wani aiki da ba a taɓa farawa ba. Ba wanda ya kamata ya buɗe ta.

Auta ta ɗauko ta. Ledar da ke like da murfin a yage take.

Ta kai ta kan ma'auni, ta auna, ta sake awon har sau biyu. Giram biyu ne babu. Ta jawo littafin aikinta ta buɗe shafin ranar. Giram biyu, da rubutun hannunta, a karkace saboda sauri. A ƙasan shafin kuma, da wani biro daban, ta rubuta: an tabbatar da ƙira. Ta sa hannu.

Ta san yadda aka yi wannan layin ya samu. A watan babban injin da ke nuna mazaunin kowane reshe ya lalace, ana jiran masu gyara. Sai ta yi amfani da ƙaramin, mai auna nauyi kawai. Shi kuwa ba ya bambance biyar da shida, tunda kayan ginin ɗaya ne, mazauni ne kawai ya bambanta. Ta ce a ranta za ta koma in an gyara babban. Kafin a gyara shi sakamakon Dogo ya fito, aka sha lemo, aka yi zane a bango, ita kuma ba ta koma ba.

Ta ji motsin mai shara a baranda. Ba ta san lokacin da ta jefa kwalbar a aljihu ba.

Kwana biyu kwalbar nan ta yi tana bin ta. Tana aljihunta a wurin aiki, tana jakarta a mota, tana jin nauyinta kamar ta ɗauki bulo. In ta zauna sai ta miƙe, in ta miƙe sai ta rasa inda za ta. A gida ta ɗora shayi ta manta da shi har butar ta ƙone. Maigidanta ya tambaye ta sau biyu ko lafiya, ta ce aiki ne, ya dube ta ya ce wannan aikin kam ya kusa fara biyan kuɗin haya a gidan, tunda ya fi shi zama a ciki.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma tun a daƙiƙar farko ta gan ta. Ta ƙera sabo da kwalbar shida, ta rubuta masa sittin da uku, ta ce na biyun ne ya gurɓata. Zai yi aiki. Za a wanke Dogo, Farfesa ya tafi taronsa, kowa ya huta. Har ta fara. Ranar Laraba da rana ta auna giram biyu, ta zuba a tulun gilashi, ta ɗauko ruwan narkarwa. Sai ta ɗaga kai ta hango zanen ta gilashin ofishin Farfesa, da jan da'irarsa a kan biyar. Duk wanda ya ga zanen nan a taro ya koma ɗakinsa ya bi shi, abin da zai ƙera shi ne mai zaburar da zuciya, yana ɗauka mai magani ne. Ita kuma za ta ci gaba da ƙera abu ɗaya tana rubuta sunan wani, yau da gobe, har ranar da wani zai kama ta.

Ta ajiye ruwan. Ta leƙa can ƙarshen ɗakin. Dogo na tsaye a bakin famfo yana wanke bututai, aikin da ba nasa ba, don dai kada ya zauna hannu rabbana. Tun ranar Litinin ba wanda ya ji ya yi wa kowa tsiya. Sauran ma'aikata in sun zo wucewa sai su rage murya.

Ta buɗe firiza ta shiga tono. Can ƙasa, bayan akwatunan wasu, ta samo ƙaramin tulun da ta busar da hodar farko a ciki. Ba ta wanke shi ba, ta dai rufe ta jefa. A jikin gilashin akwai wani ɗan fari-fari kamar sawun yatsa. Ta narkar da shi, ta ɗebo na biyu shi ma, ta sauka ƙasan bene.

Babban injin yana wani ɗaki mai sanyi, kuma matar da ke kula da shi ta girmi kowa a ginin, shi ya sa har Farfesa Goggo yake ce mata. Tana zaune da rigar sanyi da tabarau a karan hanci.

"A'a, Autar ɗaki. Yau an tuna da mu? Cire agogo da makullai kafin ki matso, injina ba ya wasa da ƙarfe."

"Goggo, abu biyu nake so ki duba min. Yanzu, in da hali."

"Akwai layi."

"Na sani. Don Allah."

Goggo ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe tana dubanta, sannan ta miƙo hannu. Na biyun minti goma ya ɗauka. Na farkon, saboda ƙanƙantarsa, sai da injin ya yi kusan awa biyu yana tattarawa. Auta ta zauna a kujera, ta tashi, ta karanta takardar gargaɗin da ke bango har ta haddace ta, ta fita baranda, ta dawo.

"Ki zauna ko ki fita," in ji Goggo. "Kina sa ni jiri."

Da takardun suka fito, Goggo ta ɗora ɗaya a kan ɗaya ta ɗaga su saitin fitila. Layuka ne masu tsini kamar haƙoran zarto. Yawancinsu sun hau kan juna daidai. Ta sa farce a wuri guda.

"Kin ga wannan tilon? A na biyu yana nan. A na farko ya tashi ya koma can, waɗannan biyun ma sun gusa. Na biyunki biyar ne, ba shakka. Na farkon shida ne." Ta sauke takardun. "Wa ya ƙera?"

"Ni ce."

"Wa ya sa hannu an tabbatar?"

Auta ta kai hannu kan kwalbar da ke aljihunta.

"To," in ji Goggo. Ta buga kwanan wata a kan kowace takarda, ta miƙa mata. "Ni ba na kai ƙara. Amma ba na yaga takarda, kuma in aka tambaye ni ba na rantsuwa a kan ƙarya. Yaron nan da ake zargi, jiya a nan ya zo ya zauna, ya sha sanyi ya tafi. Ki san abin da za ki yi kafin a tashi."

Wurin Dogo ta fara zuwa. Ta same shi a matakala yana cin biredi shi kaɗai. Ta zauna mataki biyu ƙasa da shi, ta miƙa masa takardun, ta zaro kwalbar daga aljihu ta ajiye a tsakaninsu. Ta faɗa masa komai a jere, ba ta tsallake wayar Yaya ba, ba ta kuma tsallake layin da ta sa wa hannu ba.

Ya dubi takardun, ya dubi kwalbar. "Yaushe kika gano?"

"Jiya da safe."

"Jiya da safe." Ya naɗe sauran biredin a leda. "Jiya da rana kin wuce ni a bakin famfo har kika ce min sannu da aiki."

"Na ji tsoro ne."

"Ni kuma me na ji? Kin san abin da matata ta tambaye ni shekaranjiya? Ta ce, Baban yara, tsakaninka da Allah, ka gyara lambobin ne? Matata, Dakta. Shekara goma sha ɗaya muna tare." Ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. "Kuskuren kwalba kowa na iya yi, ni ma na taɓa zuba wa ƙwayoyina ruwan da ba nasu ba. Amma da aka tsayar da ni a ofis, aka tambaye ki, kika ce kin tabbatar."

"Ka yafe min."

"Je ki faɗa masa tukuna. Yafiya ba gudu take yi ba."

Farfesa na gyara hotunan jawabinsa lokacin da ta shiga. Ta ajiye masa takardun da kwalbar da littafinta a buɗe. Tana magana tana jin muryarta kamar ta wata. Bai katse ta ba. Da ta gama ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Kin san abin da na kusa yi?" ya ce. "Na kusa tsayawa gaban mutum ɗari biyar in nuna musu guba in ce magani ne. Kuma na ci mutuncin bawan Allah a kan sa hannunki."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ba ki sani ba. Za ki sani dai."

Ya tashi ya nufi zanen kamar zai yage shi. Sai ya tsaya. Ya ɗauki biron allo, ya soke jan da'irar, ya zana reshen a kusurwa ta shida. Ya ja da baya yana kallo, kansa a karkace.

"Shida," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Shekara huɗu muna cusa komai a biyar, don a nan serotonin ke da nasa reshen. Ashe a biyar duka makarɓan biyu suna da wurin karɓa. In kika gusa taku ɗaya..." Ya zana wani lanƙwasasshen layi a gefen zoben. "Na zuciya a nan matsattse ne, reshen zai tokare, ba zai zauna ba. Na kai kuwa da alama yana da ɗan fili a wajen. Ko dai haka ne, ko wani abu mai kama da haka. Sai mun gwada." Ya juyo, ya ga tana kallonsa, sai ya sake ɗaure fuska. "Kada ki ɗauka wannan ya wanke ki. Sa'a ce, ba aiki ba. Za ki rubuta abin da ya faru da hannunki, a sa a fayil ɗinki. Daga yau ba abin da zai fita daga teburinki sai da takardar Goggo. A taron kuma na fasa nuna zanen nan. Kira min Dogo."

Da Dogo ya shigo, Farfesa ya tura masa littattafansa bakwai. Ban haƙuri ba abin da ya saba ba ne, sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Na yi maka zato mara kyau. Ban kyauta ba. Aikinka daidai yake, na da da na yanzu."

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Dogo. Ya rungumi littattafansa ya fita.

Kwana tara ta ɗauka tana ƙera sabon, wanda aka ba lamba sittin da huɗu. Ba ta taɓa jin tsawon kwana tara irin wannan ba. Kowane mataki sai ta sauka ƙasa da ɗan samfuri, ta bi layi kamar kowa, ta jira. Labari ya riga ya zaga ginin, in ta shiga ɗakin shan shayi sai hira ta koma ta ƙwallo. Wata rana tacewa ta ƙi, hodar ta fito rawaya, ta sake daga baya. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Dogo ne ya kawo sharaɗin gwajin. Ya ce Goggo ta zuba biyar da shida a kwalabe iri ɗaya, ta rubuta wa ɗaya harafin alif, ɗaya kuma harafin ba, ta riƙe sirrin a wurinta, don kada gobe wani ya ce ya san wanda yake so ya ci. Ranar da sakamako zai fito, su uku, Auta da Farfesa da Goggo, suka taru a bayan kujerarsa. Auta ta kasa kallo, ta juya tana ƙirga tayil ɗin ƙasa.

"Alif ya zaburar da zuciya, kai kuwa da ƙyar," in ji Dogo. "Mai harafin ba kuwa ya tayar da kai tun a ɗigon farko. Zuciya shiru." Ya juyo. "Goggo?"

Goggo ta zaro 'yar takarda daga aljihun rigar sanyinta ta buɗe. "Shida ce a kwalba mai harafin ba."

Ba wanda ya yi tafi. Farfesa ya gyaɗa kai, ya ce a sake sau biyu, sannan a nemo kwalaben huɗu da bakwai, tunda yanzu sun san ba su san zoben nan ba. Auta ta fita baranda ta jingina da bango. Ta kira Yaya, ta ji ƙarar keke a bayan muryarta.

"Ya yi aiki, Yaya. Amma kada in yaudare ki, daga faranti zuwa bakin mutum shekaru ne, kuma yana iya faɗuwa a hanya."

"To ai ba inda za ni," in ji Yaya. "Ki zo ki karɓi rigarki, na rage mata wuya, na ga kin zama kamar sanda."

Bayan mako uku Dogo ya kawo takardar barin aiki. Ashe tun a makon zargin ya nemi wani wuri, wani ɗakin gwaji a ɗaya gefen gari, kuma sun ɗauke shi. Farfesa ya kira shi ofis har sau biyu, Dogo ya fito yana murmushi amma bai janye ba. Auta ta tare shi a bakin firji.

"Saboda ni ne?"

"Saboda ni ne," ya ce. "Na yafe miki tun ranar da sakamako ya fito, kada ki sa wannan a ranki. Amma na ga yadda shekara tara ke narkewa a minti biyar. Duk sanda na shiga ofishin can sai na tuna. Gara in je inda ba abin da zan tuna."

Wanda zai maye gurbinsa sai bayan wata guda zai iso, ƙwayoyin kuma ba sa jira, kowane kwana biyu sai an canja musu ruwa. Ba wanda ya ce ta yi, ita ta ce za ta riƙe su. A ranarsa ta ƙarshe ya zaunar da ita a gaban akwatin gilashin da yake aiki a ciki, ya fesa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a safar hannu, ya ɗauko faranti ɗaya daga akwatin ɗumi. Ruwan ciki ya fara komawa rawaya.

"Kin ga launin nan? Yunwa suke ji. Karkata farantin. A hankali, Dakta, ba tulunki ba ne, waɗannan rai gare su. Zuƙe tsohon ruwan ta gefe, kada bakin bututun ya taɓa ƙasa."

Ta zuƙe. Hannunta ya ɗan goce, bututun ya karci gindin farantin.

"Kin kashe kamar dubu hamsin," in ji Dogo. "Ba komai, suna da yawa. Ɗauko wani."

Ta ɗauko wani. Ya ja kujera ya zauna a gefenta, ya duba agogonsa, ya ce yana da sauran awa biyu, kuma farantai goma sha huɗu ne.